Bakwainina ya dawo gida a tsakiyar hunturu, yaya zan kula da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Rigasa, kuma wannan ce haihuwata ta fari. Na haihu ciki yana sati 32, yaron ya zo da kilo 1.6. Mun yi kwana 16 a asibiti, har an sa shi a kwalba, yanzu an sallamo mu yana kilo 1.7. Sun ce in riƙa ɗaure shi a ƙirjina, amma uwar mijina ta ce ba a goyon jaririn da bai yi ƙwari ba, gara a naɗe shi a bargo a shigo da kaskon wuta ɗaki saboda sanyin nan. Tana kuma so a kira wanzami, a yi taron sunan da ba a samu yi ba. Wasu kuma suna ce min da a wata bakwai na haife shi da ya fi, wai ɗan wata takwas ba ya rayuwa. Hankalina a tashe yake. Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen jarirai a nan Kaduna, irin ɗanki su ne abokan kwanana.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Zancen wai ɗan wata takwas ba ya rayuwa tsohon zance ne, har likitocin Girka na zamanin da sun yi imani da shi, amma ba gaskiya ba ne. Duk satin da jariri ya ƙara a ciki riba ce gare shi. Huhunsa yana ƙara samar da wani sinadari mai santsi da ke hana jakunkunan iska mannewa in ya fitar da numfashi, kuma sai wajen sati 32 zuwa 34 yake iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba tare da ya ƙware ba. Ɗan sati 32 ya fi ɗan sati 28 damar rayuwa nesa ba kusa ba. A ganina abin da ya raya wannan camfi shi ne, bakwaini kowa yana jin tsoronsa, sai a killace shi a lallaɓa shi, shi kuwa ɗan wata takwas da yake ya ɗan yi kumari sai a ɗauke shi kamar cikakke, a sheƙa masa wanka da asuba, a miƙa shi hannu zuwa hannu. In aka rasa shi sai a ce watan ne. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin ciki ya cika sati 37, wato kusan ɗaya cikin kowane goma, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne, sallama daga asibiti ba ta nufin ya gama. A lissafi yanzu ɗanki yana sati 34 da 'yan kwanaki, da saura wajen sati shida kafin ranar da ya kamata ya zo duniya. Aikin da mahaifa ba ta ƙarasa ba kwalba ta karɓa, yanzu kuma ƙirjinki ne zai karɓa daga kwalba.

Ga dalilin da ya sa bargo ba zai wadatar ba. Bargo ba ya samar da ɗumi, riƙewa kawai yake yi, kamar kular abinci: in kin zuba mai zafi ta tsare miki shi, in kin zuba mai sanyi haka za ki buɗe ki tarar da shi. Jikin ɗanki bai tara kitsen da zai ƙona ya ɗumama kansa ba, fatarsa siririya ce, kansa kuma babba ne in aka gwada da jikinsa, ta nan ɗumi ke zurarewa. Sanyin asuba na Disamba da Janairu a Kaduna kuwa kin san shi, yakan sauko wajen digiri 15. Abin da ke ruɗar mutane shi ne jariri ba ya karkarwa irin ta manya. In sanyi ya shige shi sai ya yi lamo, ya yi ta barci, ya daina neman nono, mutanen gida suna yabonsa wai yaron kirki ne ba ya rigima. Alhali ɗan abincin da ya sha duk ya tafi wajen yaƙi da sanyi, sukarin jininsa yana sauka, nauyinsa ya tsaya cak.

Wannan ɗauri da aka koya miki, wanda ake kira goyon kangaru, ba sabon yayi ba ne. A 1978 wani likita mai suna Edgar Rey ya fara shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda kwalabe sun yi musu kaɗan, jarirai suna ta mutuwa. A 2021 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya (na Najeriya a asibitin koyarwa na Ile-Ife aka yi shi), kan jarirai masu nauyi tsakanin kilo 1 da 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, mutuwarsu a kwana 28 na farko ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari in aka gwada da waɗanda aka jira sai sun farfaɗo a kwalba tukuna. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take, a yi awa 8 zuwa 24 kullum, gwargwadon yadda za a iya.

Yadda ake yi kuwa, ki cire masa komai sai famfas da hula da safa. Ki cire rigar mama. Ki ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanki, ƙirjinsa a manne da naki, fata da fata, ba ko da shimi a tsakani. Ki juya kansa gefe guda, haɓarsa a ɗan ɗage kaɗan don hanyar iska ta buɗe, hannayensa da ƙafafunsa a tanƙwashe. Ki samu zanin atamfa da ya sha wanki ya yi laushi, ki zagayo da shi, bakin zanin na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, ki ɗaure tamau yadda in kin sunkuya ba zai sulluɓe ba. Ƙarfin ɗaurin ya kasance a saitin ƙirjinsa da bayansa, ki bar cikinsa sakayau, don jariri da ciki yake numfashi. Sai ki ɗora riga mai buɗaɗɗen gaba a sama. Kada ki lulluɓe fuskarsa da hijabi, dole duk lokacin da kika sunkuyar da kai ki ga hancinsa da leɓensa. Da dare ki tara matasai a bayanki ki kwanta a kishingiɗe da shi a haka. In kin ɗora shi, ki yi ƙoƙari kada ki sauke kafin awa guda, don yawan kwancewa da ɗaurewa yana gajiyar da shi. In kuwa dole ta sa kin ajiye shi, a rigingine za ki kwantar da shi, cikin gidan sauro. Haka za ku ci gaba har ya kai wajen kilo 2.5, ko ya kai ranar haihuwarsa ta asali. Shi da kansa zai gaya miki, zai fara mutsu-mutsu yana zaro ƙafa yana kuka in an ɗaure shi.

Yanzu maganar Hajiya, uwar mijinki. Kada ki ɗauke ta abokiyar gaba, don a wani ɓangaren tana da gaskiya. Goyon baya take nufi, kuma lalle ba a goya jariri irin wannan a baya, wuyansa bai tsaya ba, ba kya ganin fuskarsa. Wannan na ƙirji ne, ita kuwa ba ta taɓa ganin sa ba. Shawarata, ranar da za ku koma awon nauyi ki roƙe ta ta raka ki, ki gaya wa nas a gefe ta ɗaura mata jikan a nata ƙirjin. Na sha ganin kaka ta shigo tana hura hanci, ana ɗora mata yaron ta ji numfashinsa a fatarta, sai ta yi tsit, can ka ji ta ce wa uwar ta je ta yi wankanta a tsanake. Dama kina buƙatar mai karɓar ki, ba mace ɗaya da za ta yi awa ashirin da yaro a ƙirji ba ta ci ba ta shiga bayi ba. Maigida ma in ya dawo da dare ya cire riga ya karɓa, ɗumin jikinsa daidai yake da naki. Sharaɗin kawai mai ɗaukar ya zama ba ya mura ko tari ko ƙurji, kuma ya wanke hannu da sabulu.

Kaskon wuta kam a kan sa ba zan sassauta ba. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe manya ma suna barci, balle mai huhun da bai gama nuna ba. Haka turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da janareta a gindin taga. Gorar ruwan zafi ma kada a jingina masa, fatarsa tana salewa da zafin da ke ba za ki ji komai ba. A toshe kafar da iska ke shigowa, a saki labule, a kashe fanka, ya isa. Ki sayi ma'aunin zafin jiki mai lamba a kemis, ki riƙa sa masa a hammata sau biyu ko uku a rana. Daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5. In ya sauka ƙasa da haka ki mayar da shi ƙirji, ki ba shi nono, ki sake aunawa bayan awa guda. In bai hau ba, asibiti.

Wankan safe da yamma da miƙar gaɓoɓi irin na tsofaffinmu, a dakata da su tukuna. Da rana tsaka ki jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi ki goge wuya, hammata da matsematsi, kina buɗe wuri ɗaya kina rufewa kafin ki buɗe wani. In fatarsa tana bushewa ki shafa masa man kwakwa zalla. Ban da hoda, ban da man zafi, kuma ki cire kafur daga akwatin kayansa, don akwai yara da yawa a ƙasar nan da kafur ke farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo ciwon shawara mai tsanani.

Sai nono, wanda shi ne rabin aikin. Nonon macen da ta haifi bakwaini ya fi na sauran sinadarin gina jiki a makonnin farko, ba wata madarar gwangwani da za ta kama ƙafarsa. Matsalar ita ce ɗanki yana gajiya. Zai kama, ya ja sau biyar ko shida, barci ya kwashe shi, ke ki zaci ya ƙoshi. Kada ki jira ya yi kuka. Duk awa biyu zuwa uku, dare da rana, ki tashe shi, aƙalla sau takwas a kwana guda, in ya fi haka ma madalla. Ki sosa masa tafin ƙafa ko ki canza masa famfas ya wartsake. In ya sha iya ƙarfinsa, ki tatsa ki cika masa adadin da aka rubuta miki a asibiti da ƙaramin kofi. Wajen tatsar, ki sa babban yatsa a sama da baƙin da ke kewaye da kan nono, manuni a ƙasa, ki danna baya wajen ƙirji sannan ki matse, ba jan kan nonon ake yi ba. Ki tatse sosai, don na ƙarshen ya fi maiƙo, shi ke sa ƙiba. Wajen ba shi, ki zaunar da shi a ɗan tsaye a cinyarki, ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata har nonon ya taɓa leɓen, ki tsaya. Za ki ga ya turo ɗan harshensa yana lasa, ya huta, ya sake. Kada a kwarara masa, kuma kada ki yarda kowa ya toshe masa hanci ya yi masa ɗura, nonon huhu zai wuce. Wanda kika tatsa kada ya wuce awa huɗu a ɗaki, kuma da yadda wuta take zuwa tana ɗaukewa ban so ki dogara da firji.

Har ya cika wata shida, nono kawai, sai maganin ƙarin jini da duk abin da likita ya rubuta. Ba ruwa, ba tsimi, ba jiƙo. Zuma kada ta shiga bakinsa sai ya shekara. Masu kawo rubutu don ƙauna suke yi, ki karɓa ki yi godiya, ki roƙi a karanta masa addu'ar a kansa, cikinsa bai kai karɓar ruwan da ba a san tsaftarsa ba. Za ki san yana samun isasshe in yana jiƙa famfas sau shida ko fiye a kwana guda, kuma sikeli yana nuna ƙari. Muna so mu ga kamar giram 15 a kan kowane kilo a kullum, wato shi mai kilo 1.7 ya ƙara wajen giram 180 a sati. A riƙa auna shi a sikeli ɗaya, tsirara.

Wanzami kuma a ba shi haƙuri, in da hali a ba shi ɗan goronsa ya tafi. Beli ba cuta ba ne, kowa da shi aka halicce shi, ba ya hana shan nono, cire shi kuwa yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta har da sandarewar jiki. Jinin da ke jikin ɗanki gaba ɗaya wajen mililita 150 ne, kimanin babban cokali goma. Wanda babba zai zubar bai ko kula ba, shi zai iya kai shi ga ƙarin jini. Tsaga, kaciya da askin kai duk su jira. Taron suna ma haka. Tunda an riga an raɗa masa suna, taron mata zai iya jiran ya cika kwanakinsa. In an matsa sai an yi, a yi a tsakar gida, shi yana ɗaki a ƙirjin wani, masu barka su leƙa daga bakin ƙofa. Murar da za ta sa babba atishawa kwana uku ita ke mayar da irinsu kan iskar oksijin. Wannan magana ba daga bakinki ya kamata ta fito ba. Maigida ne zai samu mahaifiyarsa ya ce likita ya hana, kowa ya huta.

Akwai abubuwan da in kin gani ba a jiran gari ya waye, ba a kuma biyawa ta kemis. In ya ƙi shan nono sau biyu a jere, ko jikinsa ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi. In numfashinsa ya kai 60 a minti guda yana kwance shiru, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko yana gurnani. In zafin jikinsa ya haura 37.5 bayan kin rage masa lulluɓi, ko ya sauka ƙasa da 35.5. In yana fizge-fizge, ko cikinsa ya kumbura yana amai kore, ko rawayar shawara ta sauko tafin hannu da ƙafa. Shawara ba a shanya ta a rana, fitila ta musamman ake sa jariri a ƙarƙashinta. Game da numfashi, irinsu sukan ɗan tsaya na daƙiƙa biyar zuwa goma su ci gaba, wannan ba komai. In ya kai daƙiƙa 20, ko leɓensa ya yi shuɗi, ki murza bayansa ki ɗalli tafin ƙafarsa, ko ya dawo daidai ku tafi. A ƙirjinki za ki kai shi, ko a Keke Napep ne. Asibitin da ya sallame ku ya fi, don su ke da fayil ɗinsa, in ba haka ba ku nufi babban asibiti mai sashen jarirai, irin Barau Dikko a cikin gari. Daga Rigasa da tsakar dare abin hawa wuya yake, tun yanzu maigida ya ajiye lambar mai mota ko mai keken da zai ɗaga waya.

Abu ɗaya da iyaye suke yawan mantawa shi ne ido. Jaririn da aka haifa da wuri haka, musamman in an sa masa oksijin, jijiyoyin jinin da ke bayan idonsa suna iya tsirowa a karkace su makantar da shi, kuma daga waje ba a ganin komai sai aikin gama ya gama. Ana so likitan ido ya duba shi kafin ya wuce kamar wata guda da haihuwa, ke nan lokacinku ya kusa. Ki nemi takardar turawa a zuwanku na gaba. Mun yi sa'a a Kaduna muna da Asibitin Ido na Ƙasa a Mando, muna kuma da Asibitin Kunne na Ƙasa, don jinsa ma yana son gwaji. Allurar rigakafi da ranar da aka haife shi ake lissafa ta, sati 6, 10 da 14, ba a jinkirtawa don ƙanƙantarsa, ki duba katinsa ki ga ko an yi masa na haihuwa. Amma zama da rarrafe da tafiya, ki riƙa cire wata biyun da ya yi gaggawa har ya shekara biyu. In ya wata shida, da ɗan wata huɗu za ki gwada shi, kada maƙwabta su ɗaga miki hankali.

Ke ma mai jego ce. Ki yi wankanki da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ki rage kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka alaƙanta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. In kin ga kumburin ƙafa, haki, ko ciwon kai mai tsanani, a auna jininki a ranar. Kuma ki daina tuhumar kanki. Hawan jini, zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyi, ƙarancin jini ko tagwaye suna iya jawo haihuwa kafin lokaci, sau da yawa ma ba a gano dalili. Amma wadda ta taɓa yi tana da haɗarin sakewa, don haka ki guji kwanika, ku ba da tazarar shekara biyu kafin wani cikin, in ya samu kuma ki fara awo tun watannin farko a asibitin da ke da sashen jarirai. Takardar sallamar da aka ba ku, wadda aka rubuta satin cikin da nauyinsa da abin da aka yi masa, ki sa ta a leda ki adana tare da katin rigakafinsa, likitan ido zai tambaye ki ita, ranar awon ciki na gaba ma za a tambaya.